Kakanmu ɗan gadi ne ko ɗan kwana-kwana? Yadda ake gano ainihin aikinsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina tattara tarihin gidanmu a Kano. Gwaggona, wadda ita ce babba cikin waɗanda suka rage, ta ce kakan mahaifina ɗan gadi ne a zamanin Sarki Alhaji, kuma ya yi "aikin wuta". Mun tarar da wata tsohuwar takarda a adakarsa mai hatimin reluwe, an rubuta aikinsa fayaman. 'Yan gidanmu duk sun ɗauka ɗan kwana-kwana ne. Haka ne? Kuma ina zan nemi sunansa a rubuce?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Madalla da wannan aiki, ka kuma yi dabara da ka fara tun gwaggonka na da ƙarfin ba da labari, Allah ya ƙara mata lafiya. Roƙona na farko shi ne kada ka rubuta "ɗan kwana-kwana" a littafin gidanku tukuna. Sunan aiki shi kaɗai, a takarda yake ko a bakin dattijai, ba ya gaya maka abin da mutum ya yi da hannunsa. Sai ka san wanda ke biyansa, ka kuma san shekarar. Waɗannan biyun ne za su nuna maka irin aikin, su ne kuma za su kai ka inda sunansa yake a rubuce, in yana nan.

Takardar ta fi sauƙin warwarewa. A reluwe, fayaman ba mai kashe wuta ba ne, mai hura ta ne. Jiragen ƙasa na wancan zamani da tururi suke tafiya, kuma mutum biyu ne a kan inji: direba da mai ba tukunya wuta. Shi na biyun yana tsaye tsakanin bakin murhu da taragon kwal, shebur a hannu, yana ɗiba yana watsawa. Ba tuli guda yake zubawa ba, sai ya baza kwal ɗin ya game ko'ina don kada wani gefen wutar ya mutu. Yana yi yana duban gilashin da ke nuna yawan ruwan tukunya, yana duban agogon tururi. In ruwa ya yi ƙasa tukunya na iya lalacewa, in tururi ya yi ƙasa jirgi ya kasa hawan tudu da kaya. Ka ƙiyasta wannan a tsakiyar bazara tsakanin Zariya da Kano, ga zafin gari ga na murhu. Kuma ba daga nan ake farawa ba. Saurayi kan shiga loko, wato wurin ajiye injuna da gyara su, yana goge injuna da tsumma yana kwashe toka, ya yi shekaru a haka, a gwada shi, sannan a ɗora shi kan inji. Wanda ya daɗe ya ci jarrabawa shi ke zama direba.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, kwal kuma na Inugu ne. Injunan dizal sun fara shigowa a tsakiyar shekarun 1950, a hankali suka ture na tururi, aikin fayaman ya bi su. Dubi hatimin da kyau. Reluwe sashen gwamnati ne har 1955, a shekarar ne aka mai da shi hukumar gwamnati mai cin gashin kanta, don haka in ka ga haruffa uku, NRC, takardar ba ta girmi 1955 ba. Abin da ya fi hatimin daraja shi ne lambar ma'aikaci, in akwai. Kwafe ta yanzu, ka ɗauki hoton takardar gaba da baya a inuwa, kada ka yarda a manne ta cikin leda da zafi, domin hakan na cinye tawada kuma ba ya cirowa. "Aikin wuta" da gwaggo ta faɗa ya dace da wannan sarai, ko da yake a bakin Bakano yana iya zama aikin lantarki, sai ka tambaye ta ko tana tuna yana dawowa gida da baƙin kwal a jiki, ko yana kwana a hanya.

Ko babu takardar ma, da na yi shakkar ɗan kwana-kwana a Kano a farkon zamanin Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Kashe gobara a ƙasar Hausa ta da ba sana'a ba ce, aikin kowa ne. Gobara ta fi tashi da hunturu, lokacin da jinka da zana da danni suka bushe ƙarau, iska na kaɗawa, tsofaffi kuma sun kwanta da garwashin jin ɗumi a ɗaki. Da an ji ihu unguwa ke fitowa gaba ɗaya. Mata da yara su yi ta jido ruwa daga rijiya da kududdufi da tulu da ƙwarya, maza su watsa ƙasa, wasu su hau su yaye jinkar ɗakunan da ke maƙwabtaka, su tuge danni, don wutar ta rasa abin ci. Sau da yawa wannan yayewar ce ke tsai da gobara, ba ruwan ba. Cikin birni kuwa, soraye na ƙasa da azara sun fi jure wa wuta, shi ya sa ɓarnar ta fi yawa a ƙauyuka da rumfunan kasuwa da unguwannin talakawa. Ruwan famfo da lantarki sai a 1931 suka zo Kano, daga Challawa. Kafin nan ko an kawo motar kashe gobara babu inda za ta sha ruwa cikin hanzari.

Turawan da kansu ba su daɗe da mai da abin aikin gwamnati ba. Landan sai a 1866 ta samu rundunar kashe gobara ta hukuma, kafin nan kamfanonin inshora ne ke riƙe da injunan. A Najeriya an fara ne a Ikko a 1901, a matsayin reshen 'yan sanda, kuma sai a 1963 aka yi dokar da ta kafa hukumar kashe gobara ta tarayya. Jihohi kuwa ba a ƙirƙire su ba sai 1967. Ke nan wanda kakansa ya yi wannan aiki a Ikko kafin 1963, a takardun 'yan sanda zai nema. Amma labarin gidanku ba daga iska ya faɗo ba: duk mai tsaron dare shi ne farkon ganin hayaƙi, shi ke busa usur, shi ke tada mutane. Ba mamaki kakanku ya taɓa yin bajinta a wata gobara har aka riƙe masa, ba tare da ya taɓa karɓar albashin kashe wuta ba.

Sai batun gadi, wanda ya fi faɗi. Mutane iri-iri ne suka yi tsaron dare a Kano, kuma yau duk ana haɗa su a kira su masu gadi.

Mafi daɗewa su ne masu ƙofofin ganuwa. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, shi da mutanensa ke rufewa da buɗewa, su san baƙon da ya shigo da ayarin da ya fita. Baturen nan Clapperton da ya zo Kano a 1824 ya tarar ƙofofin na katako ne da aka lulluɓe da ƙarfe, ana rufe su da faɗuwar rana a buɗe da fitowarta. Wannan sarauta ce ta gado, gidajensu na nan daura da ƙofofin, kamar Ƙofar Mata da Na'isa da Kabuga da Ɗan Agundi. Da kakanku daga cikinsu yake da ba ka buƙaci tambayata ba, unguwa ce za ta gaya maka.

Sai dogarai, a ƙarƙashin Sarkin Dogarai. Su ne 'yan sandan sarki kafin zuwan Turawa a 1903: kamun ɓarawo, tsaron fada da gidan yari, rakiyar masu karɓar haraji, kai sammaci. Bayan an kafa baitulmali, wajen 1911, sai suka koma karɓar albashi daga En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarki. A shekarun 1920 ne aka ga birni ya buɗe, jirgi ya kawo baƙi da kuɗin gyaɗa da sata, dogarai kuma ba su da horon da Turawa ke so. Sai aka kafa wata runduna dabam a Kano mai kaki da fareti, aikinta sintiri a cikin birni, aka kira ta 'yan gadi. Ita ce daga baya aka fi sani da 'yan doka, shugabanta Wakilin Doka, muƙamin da akan ba ɗan sarki. Marigayi Ado Bayero ya riƙe shi daga 1957 zuwa 1962, kafin ya tafi jakadanci Senegal, ya dawo ya hau gadon sarauta a 1963. 'Yan doka na En'e ne, 'yan sanda kuwa na gwamnati, waɗanda aka haɗe na Kudu da na Arewa a 1930. Bayan juyin mulkin 1966 ne soja suka rushe 'yan doka, aka tace wasu aka shigar da su 'yan sanda, sauran aka sallame su.

A nan kalmar da gwaggonka ta faɗa take da nauyi. In "ɗan gadi" ta ce, kuma haka ta ji daga iyayenta, to akwai kyakkyawan zato ɗan wannan runduna ne, wato ɗan sandan En'e, mai lamba da kulki da albashin wata. In "maigadi" take nufi, wani labari ne dabam. Koma ka tambaye ta, amma kada ka sa mata kalmar a baki. Ce mata, "Gwaggo, wane irin kaya yake sawa in zai tafi aiki? Ina yake zuwa karɓar albashi? Wa yake gaisarwa da safe?" In ta ce rawani ja da babbar riga ja da kore, dogari ne. In ta ce kaki da gajeren wando da ɗamara, yana zuwa fareti, ɗan doka ne. In ta ce da magariba yake fita da tabarma da buta da fitila, sai hantsi ya dawo ya kwanta, maigadi ne.

Maigadi ya yawaita ne da zuwan kantuna da sito-sito na kamfanoni, irin su UAC da John Holt da CFAO da GBO da PZ, da gidajen Turawa a Nasarawa, da ma'aikatun gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Gusau, da filayen dalar gyaɗa. Wanda ya tashi kusa da irin waɗannan wurare ya san siffarsa: dattijo a bakin ƙofa, ya hura 'yar wuta da kara, bargo a kafaɗa, kwari da baka ko gora a jingine, usur a wuya, carbi a hannu. Akan rataye guntun ƙarfen dogo a bishiya, duk awa ya buga shi adadin ƙarfen da aka yi, na sito na gaba ya amsa. Bugun nan shi ne shaidar cewa bai yi barci ba, shi ne kuma agogon unguwa. Da yawansu tsofaffin soja ne, musamman waɗanda suka dawo daga Bama a 1945 da 1946, domin kamfani ya fi amincewa da mai takardar sallama daga soja. In ka ji ana kiran gidanku ko na wani kakanku Gidan Kofur, ko Gidan Saje, ko Samanja, bi wannan zaren, takardun soja sun fi na kamfani riƙe suna. Maigadin kamfani galibi ɗan ƙwadago ne, babu fansho, sunansa bai wuce takardar biyan leburori ba, irin wadda ake zubarwa bayan 'yan shekaru. Na unguwa kuwa, 'yan tauri da mafarauta da 'yan sintirin da mai unguwa ke haɗa musu karo-karo, ba su bar komai a takarda ba, sai a bakin mutane da kirari.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai a labarinku, wato jerin ayyukan biyu. Ba tukunya wuta aikin saurayi ne mai ƙarfi, kuma tun yana yaro yake shiga loko. Da wuya mutum ya yi shekaru yana ɗan gadi sannan ya koma goge injuna ya hau inji. Abin da aka fi gani shi ne akasin haka: mutum ya yi reluwe da ƙuruciyarsa, ƙarfi ya ragu ko ido ya raunana, ya ƙare da gadi, wani lokacin ma a reluwen. Akwai kuma hanya ta uku da nake yawan tararwa a tarihin gidaje: mutum biyu ne aka haɗe suka zama ɗaya. Uba ɗan gadi, ɗa fayaman, ko wa da ƙane da suka zauna gida ɗaya, ko jika da ya ci sunan kakansa. Takarda a adakar mutum ba lallai tasa ba ce, dattijon gida shi ke ajiye takardun kowa. Shekarar da ke jikin takardar za ta raba gardama. In 1958 ce misali, mutumin da ya yi ɗan gadi a 1930 ya tsufa da riƙe shebur a kan inji. Ka kuma sani cewa a wancan lokaci yawancin ma'aikatan kan inji mutanen Kudu ne, don haka Bakano fayaman ba abin da za a manta da shi a unguwa ba ne, tsofaffin ma'aikatan reluwe a Kano da Zariya na iya tuna shi ko ɗansa.

Wajen tsayar da shekaru, kada ka tambayi tsohuwa "a wace shekara". Tambaye ta da abin da ya faru. Kafin rikicin Kano na 1953 ne ko bayansa? Yana aiki lokacin zuwan Sarauniya a 1956? Yana raye aka koma tuƙi hannun dama a 1972, ko aka canja fam zuwa naira a 1973, shekarar da jirgin alhazai ya faɗi a filin jirgin Kano? Ta ji an ce an haife shi kafin yunwar Kakalaba ta 1914 ko bayanta? Da irin waɗannan za ka matse shekarun har su zama tazarar da za a iya bincika. Ka ɗauki muryarta a waya da izininta, ka bar ta ta yi ta zuba ko ta kauce hanya, sau da yawa a kaucewar ne sunan unguwa ko na abokin aiki ke fitowa. Ka kuma nemi wata tsohuwar daga ɗaya ɗakin, domin 'ya'yan kishiyoyi ba labari ɗaya suke riƙewa ba.

Akwai wani abu da ya kamata ka shirya masa. Dogarai da yawa, da wasu masu tsaron ƙofa da fada, asalinsu bayin sarki ne ko cucanawa. A Kano bayin sarki sun riƙe iko na gaske, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama ba ƙananan mutane ba ne, hakimai ma na shakkarsu. Dokar Turawa ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilun shekarar ɗa ne, ba bawa ba, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Saboda haka akwai gidajen da da gangan suka mai da "dogari" ya zama "ɗan gadi", ko suka yi shiru kan inda kaka ya fito. In ka ga gwaggo ta sauya magana a wani wuri, kada ka matsa mata. In kuma ka gano wani abu irin wannan a takarda, kada ka watsa shi a zauren WhatsApp na dangi kafin ka zauna da manya, domin akwai aure da zumunci a ciki. Amma ina roƙonka kada ka goge shi daga abin da ka rubuta ka adana. Mutumin da aka raba da garinsu, ya tsare birni da dare, ya kafa gidan da ya kai ga haihuwarka, ya cancanci jikokinsa su san shi yadda yake.

Kafin ka tafi neman takardu, ka rubuta duk sunayen da aka san shi da su: na yanka, laƙabi, sunan mahaifi, sunan garin asali. Akawun Turawa yadda ya ji yake rubutawa, Garba ya zama Garuba, Audu ya zama Awudu, Muhammadu ya zama Momadu ko Momo, Ibrahim ya zama Braima. A soja da 'yan sanda kuma sunan gari akan liƙa wa mutum, shi ya sa masu suna Audu Kano da Garba Katsina ba su ƙirguwa. Suna kaɗai ba hujja ba ne sai ya haɗu da lamba, ko unguwa, ko sunan uba.

Ta ɓangaren reluwe, fara da ofishinsu na Kano da na shiyya a Zariya, ka nemi sashen fansho, hedikwata kuma tana Ebute Metta a Ikko. Ƙungiyar 'yan fanshon reluwe kan fi ofis saurin gane mutum, da ɗan gari akan ci gari. Ta ɓangaren En'e, babban wurin shi ne ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin lardin Kano ke ƙarƙashin KANOPROF, na sakatariyar Arewa kuma SNP. Akwai kuma Arewa House a Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Kada ka sa ran jerin sunaye a shirye. Kasafin kuɗin En'e da rahoton Razdan na shekara za su gaya maka yawan 'yan gadi da albashin kowane muƙami, abin da ke da amfani wajen sanin irin rayuwarsa, amma ba su cika ambaton ƙaramin ma'aikaci ba. Sunansa kan fito ne in wani abu ya faru: an ƙara masa girma, an kore shi, ya rubuta koke kan garatuti, ya ba da shaida a shari'ar sata ko binciken gobara. Don haka fayilolin koke-koke da na shari'a za ka fi ba lokaci. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta riƙa kawo labaran garuruwa, in har akwai wata babbar gobara da gwaggo ke tunawa, duba fitowar watannin hunturu na shekarun da ka matse.

In bincike ya nuna ya taɓa zuwa Kurmi, kamar yadda Hausawa da yawa suka yi gadi a Kumasi da Ankara da ma'adinan Obuwasi, ma'adanar Gana ita ce PRAAD, tana da ofisoshi a Ankara da Kumasi da Tamale, kuma da yawa sun dawo gida ne bayan dokar korar baƙi ta 1969. Masu dangi a Nijar kuma su lura cewa 'yan kwana-kwana a can soja ne, a takardun soja ake nemansu.

Wurin da mutane suka fi mantawa shi ne kotun alƙali. In an raba gadonsa a gaban alƙali, rijistar kan kawo sunansa da na mahaifinsa, unguwarsa, matansa da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, da abin da ya bari, wani lokacin har da ragowar albashi ko garatutin da aka karɓo daga wurin aikinsa, wanda kai tsaye zai gaya maka wa ke biyansa. Tsofaffin rijistocin da Larabci ko ajami aka rubuta su, don haka ka tafi da malamin da ya saba karanta rubutun hannu na alƙalai, ka kuma tafi da shekarar rasuwarsa ko sunan sarkin da ke kan gado a lokacin, domin da shekara aka jera su ba da suna ba.